Amina ta Zazzau: Rarrabe Aya da Tsakuwa

Da wuya a ambaci Sarauniya Amina a wurin hira wani bai ce, "Ai ita ce mai kashe maza" ba. Wai duk garin da ta ci da yaƙi sai ta zaɓi saurayi ta kwana da shi, gari na wayewa a fille masa kai. Maganar nan tana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ita yaranmu suke fara ji tun kafin su san inda Zazzau take.

Tsofaffin littattafai biyu da ake dogaro da su kan Amina su ne Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya rubuta a 1812, da kuma Tarihin Kano. Babu labarin kisan samari a cikinsu. Daga baki zuwa baki ya zo mana, kuma kowa ya san yadda baki yake ƙara gishiri, balle a kan macen da ta gagari maza a fagen fama.

Abin da suka kawo shi ne yaƙi da mulki. Bello ya ce 'yar Sarkin Zazzau ce, ta yaƙi Katsina da Kano har suka biya ta haraji. Tarihin Kano ya ce ta shekara 34 tana yaƙi, Sarkin Nupe kuma ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. A duba wannan goron da kyau. A lokacin, kaya ne mai tsada da fatake ke ɗaukowa daga nesa, sai gidan sarauta. Macen da ake aika wa dubu goma, to hanyar ciniki tana hannunta. A ganina nan girmanta yake.

Sai shekarun haihuwarta da rasuwarta da suka cika intanet, 1533 zuwa 1610. An ƙirga su ne daga sarautar Bakwa Turunku a Zazzau, wadda ake sa farkonta a 1536, bisa cewa Amina 'yar Bakwa ce. Tarihin Kano kuwa ya sa Amina a zamanin Sarki Dauda, 1421 zuwa 1438. Tazarar ta haura shekara ɗari, don haka mai kawo ranar haihuwarta daidai wa daida ya wuce gona da iri.

Cewa ita ta fara gina ganuwa a ƙasar Hausa kuskure ne. Badalar Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka soma ta, a ƙarni na 12. Gaskiyar ita ce tsofaffin katangu da yawa har yau ganuwar Amina ake kiransu.

Hoton nan nata riƙe da takobi, da mutum-mutuminta na Legas, da fim ɗin Amina na 2021, duk ƙirƙirar masu fasaha ne na zamaninmu. Bello dai ya rubuta cewa ta rasu a Atagara, wurin da masana da dama suke dangantawa da yankin Idah, can bakin Kwara.