Ruwan Wardi A Girki: Uwargida, Duba Kwalbar Tukuna

Idan alhazanmu na Gummi, Anka da Bukkuyum suka dawo, akan samu ruwan wardi cikin tsaraba. Garin Ɗa'ifa na Saudiyya ya yi suna wajen tatso shi daga fure.

Sai dai iri biyu ne. Na kwalliya yakan ƙunshi turare da gilisarin, na shafawa ne kawai. Na taɓa karɓar yaro a asibiti yana ta amai, ashe irinsa aka zuba a kunun aya.

In rubutun kwalba ya nuna na ci ne, rabin ƙaramin cokali ya ishi lita 1 ta zoɓo, bayan ya huce. In ya yi yawa, ɗaci zai yi. A alkaki kuwa, ɗiga shi cikin ruwan sukari bayan kin sauke.