YADDA AKE GANE MOTAR DA ƘASHINTA YA LANƘWASHE

Kowace Talata motoci kan cika hanyar Gusau zuwa Sakkwato, suna nufin kasuwar Talata Mafara. Wasu daga Bakura suke, wasu daga Maradun. Suna ɗauke da mutane da buhunan shinkafa da albasa da dankali daga gonakin Bakolori. Inda motoci suka yi yawa, ba a rasa karo. Wata ta faɗa rami, wata ta bugi saniya, wata ta kife.

Bayan haɗari sai a kai mota gareji. A buga ƙarfe, a shafa fenti, ta fito tana walƙiya. Amma sau da yawa kyan ɗan maciji ne. An gyara fata, an bar ƙashi a lanƙwashe.

MENE NE ƘASHIN MOTA?

Shi ne ƙarfen da ke ɗauke da inji da tayoyi da jikin mota. Makanikai suna kiransa casis. A manyan motoci da irin su Hilux da Canter, dogayen ƙarafa biyu ne a ƙasa, kamar tsani a kwance. A ƙananan motoci irin su Golf da Corolla kuwa, ƙashi da jiki a haɗe suke. Saboda haka bugun da ya lotsa gabansu sosai yana iya taɓa ƙashin.

Idan ƙashi ya lanƙwashe, tayoyi ba za su tsaya daidai ba. Mota za ta riƙa cin taya da shan mai. In aka taka birki da ƙarfi, tana iya kwacewa. In kuma ta sake yin karo, ƙarfen da ya riga ya raunana ba zai kare mutanen da ke ciki ba.

ABIN DA ZA A DUBA

A tsayar da mota a wuri mai baje, da rana. A tabbata iskar tayoyi daidai take, kuma babu kaya a ciki.

1. Tsayuwa. A ja da baya a dube ta ta gaba da ta baya. In gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa, akwai magana.

2. Tsagi. Tsakanin ƙofa da jikin mota akwai ɗan tsagi. Haka ma a murfin inji da na but. Ya kamata faɗinsa ya zama ɗaya daga sama har ƙasa, kuma na dama ya yi daidai da na hagu. In yatsa ya shiga a nan amma bai shiga a can ba, wani abu ya goce.

3. Ƙofofi. A buɗe kowace, a rufe. Ƙofar da sai an ɗaga ta ko an doka ta da ƙarfi abin tuhuma ce.

4. Igiya. A miƙar da tayoyin gaba. A auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya a dama, a ƙulla alama. A kai igiyar hagu. Tsawon ya kamata ya zo ɗaya.

5. Sawu. A jiƙa ƙasa, a tuƙa motar a miƙe a hankali. Sawun tayoyin baya ya bi na gaba daidai a kowane gefe. Motar da ke tafiya a karkace, kamar kaguwa, ba ta da lafiya.

6. Ƙarƙashi. A leƙa da tocila. A nemi ƙarfen da ya tattare, ko tsagewa, ko sabuwar walda, ko sabon baƙin fenti a wuri ɗaya kawai.

7. Mayen ƙarfe. A ɗora shi a jikin mota wuri-wuri. Inda ƙarfe ne amma ya ƙi kamawa, an cika lotsa da fila mai kauri.

BA KOWACE ALAMA CE ƘASHI BA

Ƙofa ɗaya tana iya saukowa don ƙarfen da take rataye a kai ya gaji. Mota tana iya ja gefe don taya ɗaya ta rage iska, ko ƙafa ta goce. Waɗannan gyaransu da sauƙi. Amma in alamomi biyu ko uku suka taru a gefen da aka buga, ko kuma an daidaita ƙafafu amma taya ta ci gaba da cinyewa a gefe ɗaya, to a zargi ƙashi.

GYARA DA SAYE

Wasu sukan ɗaura mota a jikin itace da sarƙa su ja, ko su gasa ƙarfen da wuta har ya yi ja. Wuta tana rage ƙarfin casis. Ido kuma ba ya awo. Gyaran kirki shi ne a kai mota garejin da ke da abin ja da na awo, ko da sai an je Gusau ko Sakkwato. Wani ƙashin ma ba ya gyaruwa, sai dai a sake shi ko a haƙura da motar.

Mai sayen tsohuwar mota kada ya yi cinikin biri a sama. Ya je da makanikensa, ba na mai sayarwa ba. Ya tuƙa ta da kansa. Ya kuma gwada lambar casis da ta takardun motar.

Tun 1988 aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, amma jami'anta ba za su leƙa ƙarƙashin kowace mota ba. Wannan nauyi yana kan mai mota da direba, domin rayukan fasinjoji amana ce a hannunsu. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya kiyaye hanya, amin.