ISKAR TAYA DA RAYUKAN MATAFIYA

A duk lokacin bazara, sa'ad da kwalta ta ɗauki zafi a manyan hanyoyi irin ta Kano zuwa Kaduna, akan ga direbobi sun tsaya wurin mai faci domin a rage musu iskar taya, wai kada zafi ya fasa ta. Alhali kuwa wannan dabara ita ce ke jawo abin da ake gudu. Tayar da iskarta ta yi ƙasa, gefenta yakan riƙa lanƙwashewa yayin gudu, zafi ya taru a cikinta har robar ta rabu da wayoyinta, sai ta fashe.

Adadin iskar da ya dace yana rubuce a bakin ƙofar direba ko cikin littafin mota. Ya kamata a auna sau ɗaya a wata, da safe kafin mota ta yi tafiya, har da safaya.

Wajen sayen sabuwa kuma, wajibi ne mai mota ya duba lambobi huɗu na ƙarshe da ke bin haruffan DOT. Misali, 2319 na nufin an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Roba takan tsufa ko da ba a hau ta ba, kuma tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6 ba ta kama hanya idan damina ta sauka. Ma'aikacin da ya sayi tayar gwanjo don rangwamen kuɗi, lalle ya tuna iyalinsa ne zai ɗora a kanta.