Wake da Kwamfuta

Manoman Funtua da Malumfashi sun san abokin gābar wake sarai. Sunansa wuta-wuta. Ciyawa ce mai kama saiwar wake a ƙarƙashin ƙasa, ta riƙa tsotse abincinsa har ya ƙanjame. Amma akwai wani irin wake wanda wuta-wuta ba ta iya cin masa. Ina dalili?

Dalilin yana cikin jikin waken. Kowane abu mai rai yana ɗauke da wani siririn zare wanda ido ba ya gani, masana suna kiransa DNA. A jikin zaren nan aka jera dukan halin da tsiro ke gāda daga iyayensa, watau tsawonsa, da launinsa, da jimirinsa. Masana suna rubuta jerin da haruffa huɗu kaɗai: A, C, G da T.

Haruffan wake sun fi miliyan 600. In yaro zai karanta harafi ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ya shekara 19 yana karatu. Har wa yau, na'urar da ke karanta zaren ba ta iya ɗaukarsa gaba ɗaya, sai guntu guntu, kamar littafin da aka yayyaga aka watsar.

To, nan ne aikin kwamfuta. Ita ke duba gutsattsarin, ta ga inda ƙarshen wannan ya dace da farkon wancan, ta haɗa su. A shekarar 2019, masana na Jami'ar Kalifoniya ta Amurka da abokan aikinsu suka bayyana jerin haruffan wake. Waken da suka karanta kuwa a Nijeriya aka fitar da irinsa, kuma mai jure wuta-wuta ne.

Kwamfutar irin wannan aiki ba ta zama ita kaɗai. Tana bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi, da ma'aikata masu kula da ita. Su ke gyara ta in ta lalace, su kuma adana kwafin aikin a wani wuri dabam don kada ya ɓata.

Amfanin abin yana komowa gona. A Samaru ta Zariya akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, inda ake fitar da sababbin iri. A dā mai wannan aiki sai ya shuka, ya jira damina ta nuna masa tsiron kirki. Yanzu kuwa, in an san haruffan da ke nuna jimiri, ana iya gane shi daga ɗan ganye guda.

Saboda haka yaron da ya riƙe lissafi da kyau, wata rana yana iya taimakon gonar ubansa da shi.