FAƊUWA A JARRABAWA TA FI FAƊUWA DAGA SAMA

Kwanakin baya, sa'ad da na ke rangadin makarantu a ƙasar Ngaski, na sauka a Wara. Da la'asar sakaliya sai ga wani dattijo, attajirin kifi, ya zo mini fuska ba walwala. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, buƙata ta kawo ni. Ɗana ya gama makarantar koyon tuƙin jirgin sama, har wani kamfani ya ɗauke shi, amma ko wata uku bai yi ba suka ce ya faɗi gwajinsu, suka sallame shi. Na sayar da shanu da gona don karatun nan. Kai da ka san manya, ba ka sa baki a ɗaga masa ba?"

Na tausaya masa ƙwarai, amma na ce, "Baba, in aka ce maka matuƙin jirgin ruwan da zai haye da iyalinka gobe ɗaga masa aka yi, za ka bar su su shiga?" Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai. To, amsar da ban ƙarasa ba shi ran nan ba ita na ke so in shimfiɗa wa masu karatu yau, don kuwa ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Yadda a ke horon matuƙi

Makarantar koyon aikin jirgin sama ta Zariya an kafa ta a 1964, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma ta yaye matuƙa masu yawa na ƙasar nan da na maƙwabta. Bisa ƙa'idar duniya, kafin a ba mutum lasin tuƙi na neman abinci sai ya yi awa 200 a sama, ko awa 150 in a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta ya koya. Lasin babban matuƙi kuwa, watau mai shugabancin jirgin fasinja, sai mai awa 1,500.

Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, lasin makaranta ƙofar zaure ce kawai. Ran da kamfani ya ɗauki yaro, ran nan sabon karatu ya ke farawa. Da fari zai zauna a aji ya koyi ko wane sashe na irin jirgin da zai tuƙa. Sa'an nan a shigar da shi jirgin kwaikwayo, watau wani ɗaki da aka ƙera kamar gaban jirgi sak, yana motsi, yana girgiza, amma yana kafe a ƙasa. A nan malami zai kashe masa inji ɗaya yana cikin tashi, ko ya tayar masa da gobara, ko ya rufe masa fili da hazo, ya ga abin da zai yi. In ya haye wannan, sai ya fara ɗaukar fasinja tare da wani babban matuƙi mai duba shi, har a tabbata ya nuna. Bayan haka ma ba a gama ba, gama a kan mai da matuƙi jirgin kwaikwayo a kai a kai, galibi ko wane wata shida, har ranar da ya aje aiki.

Sababbin matuƙa sun fi samun aikin fari a ƙananan kamfanoni masu jigila tsakanin garuruwan cikin ƙasa, irin tafiyar Abuja zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Don haka a nan ne a ka fi jin labarin faɗuwa, don nan ne wurin tankaɗe na farko.

Me ke kā da su?

Wanda ya yi aikin horon malamai ba zai ga baƙon abu a cikin dalilan ba. Na ɗaya, karatun aku. Yaro ya haddace littafi daga bango zuwa bango, ya ci jarrabawar takarda, wadda a Amurka a ke neman 70 cikin 100, a Turai kuwa 75, amma da ƙararrawa ta yi kuka sai abin da ya haddace ya tsere masa. Haka mu ke ganin ɗalibin malanta mai cin na ɗaya a aji, ran da aka tsai da shi gaban yara arba'in sai baki ya mutu.

Na biyu, bambancin jirgi. Ƙaramin jirgin makaranta mai tafiya a hankali ne, yana ba mutum sararin tunani. Jirgin fasinja ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, wanda tunaninsa ke bin bayan jirgi kuwa ya shiga uku.

Na uku, zaman jira. Yaro ya gama makaranta, ya shekara biyu ko uku yana yawon neman aiki, ba kuɗin hayar jirgi ya riƙa motsa hannu. Wuƙar da aka aje dole ta yi tsatsa.

Na huɗu, Turanci. Tun 2008 hukumar jiragen sama ta duniya ta sa sharaɗin cewa matuƙi mai ƙetare ƙasashe sai ya kai mataki na huɗu cikin matakai shida na iya Turanci, don da shi a ke magana da masu ba da hanya. Wannan rauni daga firamare ya ke tasowa, watau daga hannunmu malamai.

Na biyar, kunya. Mun tashi da ladabin cewa ƙarami ba ya gyara wa babba, ladabi ne mai kyau a zaure. Amma jirgin fasinja mutum biyu ke tuƙa shi don ɗaya ya ga kuskuren ɗaya. Mataimakin da ya ga ɓarna ya yi shiru don nauyin na gaba da shi, a kan kā da shi, kuma daidai ne.

Abin da ɗaga ƙafa ke jawowa

Ran 12 ga watan Fabrairu, 2009, jirgin wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Bafalo, mutum 50 suka halaka. Gudun jirgin ya ragu, na'ura ta yi gargaɗi, maimakon babban matuƙin ya dukar da hancin jirgi ya ƙara wuta yadda aka koyar, sai ya ɗaga hancin sama. Da masu bincike suka buɗe takardunsa suka tarar ya sha faɗuwa gwajin tuƙi tun kafin ya zo kamfanin, kuma bai bayyana su duka ba sa'ad da ya ke neman aiki. Wannan ya sa majalisar ƙasar ta yi doka a 2010, daga 2013 kuwa mataimakin matuƙi ma sai mai awa 1,500, alhali dā awa 250 ta isa. Amma a lura, matuƙan nan biyu duk sun riga sun wuce awa 1,500. Ashe yawan awa ba shi ne gwaninta ba, kamar yadda daɗewa a aji ba ta mai da mutum gwanin malami.

Mu nan ba sai an kai mu nesa ba. Ran 29 ga watan Oktoba, 2006, jirgin kamfanin ADC mai zuwa Sakkwato ya faɗi jim kaɗan da tashi daga Abuja, mutum 96 suka rasu, har da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo, Allah ya jiƙan su. Bincike ya nuna an tashi cikin mugun yanayi, iska ta juya farat ɗaya, matuƙa ba su bi da jirgin yadda ya kamata ba. Irin wannan daƙiƙa ita a ke shirya wa mutum a jirgin kwaikwayo, inda zai faɗi sau goma ya tashi ya sha ruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu komo bakin ruwa

Hausa da sunan matuƙi ta ke kiran na sama da na ruwa, gama amana ɗaya suka ɗauka. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, kogin Kwara ya zama tafki mai faɗi a ƙasar Yawuri, mai igiyar ruwa da kututtura a ɓoye, jirage masu inji suka maye gurbin ƙananan jiragen fito. Mutanen Ngaski ba su manta da ran 26 ga watan Mayu, 2021 ba, sa'ad da jirgin da ya taso daga Lokon Minna zuwa Wara ya nitse da mutum fiye da 150, waɗanda aka tsamo da rai ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Hukuma ta ce lodi ne ya wuce kima. Akwai gwanayen ruwa a ƙasar nan waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, ba mai raina saninsu. Amma yaro nawa ke kama inji yau ba tare da wani ya taɓa gwada shi a kan iyakar lodi, ko karanta hadari, ko abin yi in inji ya mutu a tsakiyar tafki ba? Inda ba a yi jarrabawa a tudu ba, ruwa shi zai yi ta, shi kuwa ba ya ba da dama ta biyu.

Saboda haka ina roƙon hukumar hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda aka kafa a 1997, ta haɗa kai da sarakunan ruwa da ƙungiyoyin masu jirage, a riƙa gwada ko wane sabon matuƙi da harshen da ya ke ji, wanda ya kasa a mai da shi ƙarƙashin maigidansa ya ƙara koyo. Mu malamai kuma mu daina tura yaro aji na gaba don kunyar ubansa, gama wannan ba tausayi ba ne, bashi ne da wani zai biya.

Dattijon nan kuwa, kafin mu rabu na gaya masa faɗuwa ɗaya ba ta rufe ƙofa. Ɗansa ya nemi sanin inda ya gaza, ya koma ya gyara, ya sake nema, kuma duk inda ya je ya faɗi gaskiyar abin da ya same shi, kada ya ɓoye. Malamin da ya tsai da shi ba maƙiyinsa ba ne, ya yiwu ma shi ya tsirar da ransa. Allah ya kiyaye matafiyanmu na sama da na ruwa, amin.