Yadda Kwamfuta Ke Gane Siffar Abu

Ina wahalar take?

Kai kana gane kujera ko ta gaba ka gan ta, ko ta baya, ko a kife. Kwamfuta kuwa lambobi kawai kyamara ke ba ta, kuma da an juya kujerar sai lambobin su canza. Ga shi hoto a shimfiɗe yake, akwai tsawo da faɗi, babu zurfi. Tun a 1963 Lawrence Roberts na jami'ar MIT a Amurka ya fara koya wa kwamfuta gane siffofi masu kama da akwati daga hoto, kuma har yau aikin bai ƙare ba.

Ta yaya take auna zurfi?

Ɗaga yatsanka, ka rufe ido ɗaya, sannan ka sauya. Za ka ga kamar yatsan ya matsa. Abin da ke kusa ya fi matsawa, na nesa kaɗan ne. Da wannan bambanci kyamara biyu ke lissafa nisa.

Akwai kuma lidar, wato na'urar da ke harba haske ta auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Wayar iPhone X ta 2017 dabararta daban ce: tana watsa ɗigo sama da 30,000 na hasken da ido ba ya gani a kan fuskarka, ta karanta tudu da kwarinta.

Abin da ke fitowa tarin ɗigo ne, kowanne da matsayinsa. Sai a ba manhajar da aka horar da dubban misalai, ita ce za ta ce wannan mota ce, wancan mutum ne.

Hoton fuskata zai buɗe wayata?

Idan wayar tana auna zurfi, da wuya ƙwarai, domin takarda ba ta da tudun hanci. Amma wayoyi da yawa kyamarar gaba kaɗai suke dogara da ita, kuma hoto na iya yaudarar wasunsu. Kada ka bar sirrin kuɗinka a hannun irin wannan. Tagwaye masu kama sosai ma suna iya ruɗa mai auna zurfin.

Nawa ne kuɗin lidar?

A da, lidar ɗin kamfanin Velodyne da ake ɗora wa motoci masu tuƙa kansu ya kai kusan dala 75,000. Farashi ya faɗi, har aka sa ƙaramin lidar a iPhone 12 Pro a 2020. Sai dai hazo, ƙura da ruwan sama suna rage masa gani. Motocin kamfanin Waymo suna haɗa shi da kyamara, kamfanin Tesla kuwa ya zaɓi kyamara kawai, kuma masana ba su daina muhawara a kai ba.