Dokar Takunkumi a Ƙetaren Gada: Abin da Kakuri Ta Gani a 2020

A ƙarshen watan Afirilun 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta tsawaita dokar kullen korona da kwana 30, ta kuma wajabta wa duk wanda zai fita daga gida ya rufe hanci da baki. A lokacin jihar ta yi wata guda a kulle, tun 26 ga Maris. Gwamna Nasir El-Rufa'i da kansa ya sanar da kamuwa da korona ranar 28 ga Maris, ragama ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe, likita, ga kuma Dakta Amina Mohammed-Baloni a ma'aikatar lafiya. A ganina, cikin duk matakan da aka ɗauka, na takunkumi ne ya fi dacewa da talakan da ke ƙetaren kogin Kaduna, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Dalilin likitoci ba mai wuyar ganewa ba ne. Ƙwayar cutar tana fita a cikin feshin numfashi, tari da magana, kuma mutum kan yaɗa ta kafin ya ji ko ciwon kai. Ƙyallen da ke fuskarka maƙwabcinka yake karewa fiye da kai. Duniya ma ba ta gane haka da wuri ba: hukumar daƙile cututtuka ta Amurka sai a farkon Afirilu ta shawarci jama'a da sa takunkumin yadi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta jinkirta har watan Yuni. Abuja ba ta mayar da abin doka mai hukunci a ƙasa baki ɗaya ba sai Janairun 2021, da Shugaba Buhari ya sa hannu. A wannan Kaduna ta yi sammako, kuma ta cancanci a faɗa.

Amma a dubi inda dokar ta sauka. Kakuri, Makera, Nasarawa, Tirkaniya, Television, Unguwar Romi, Sabon Tasha: unguwanni ne na gidajen haya, ɗaki ɗaya iyali ɗaya, banɗaki ɗaya na gida duka. Mai tura baro a Kasuwar Monday da mai soya ƙosai a bakin tasha sai sun fita suke ci. Ka ce da su su zauna a gida, ka ce su kwana da yunwa ke nan. Ka ce su ba da tazara a cikin Keke Napep, ka faɗi abin da ba zai yiwu ba. Takunkumi kaɗai ne umarnin da ke cikin ikonsu, domin guntun atamfa da roba biyu sun isa.

Teloli kuwa sun yi aikinsu. Kowa ya ga yadda ragowar yadin ɗinki ya zama ƙyalle mai ninki biyu, ana rataye shi a ƙofar shago, yara na yawo da shi a faranti a bakin titi. Abin da ke ci min rai shi ne, nan ce unguwar masaƙu. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, daga baya masaƙun UNTL da Arewa suka biyo, dubban mutane na shiga da fita dare da rana. KTL ta rufe a 2002. Ranar da jihar ta buƙaci yadi don kare numfashin mutanenta, injinan KTL sun daɗe da yin tsatsa.

Inda aka kuskure shi ne hannun da aka miƙa wa dokar. An kafa kotunan tafi-da-gidanka, an zuba shingaye, takunkumi ya zama abin da ake nuna wa ɗan sanda. Nan da nan mutane suka koyi dabara: yana rataye a haɓa ko a cikin aljihu, idan an hango shinge a ja shi sama, an wuce a sauke. Wanda aka yi kwana uku ana sawa ba wanki, ya yi baƙi da gumi, shi ma ya wadatar da mai duba. Ga shi kuma zukata sun riga sun yi tsami. Tun tsakiyar Afirilu Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 a makonnin farko na kulle, kaso mafi yawa a Kaduna. Wanda ya ga haka, da wuya ya yarda cewa don lafiyarsa ake tsare shi. Shi ya sa "cutar masu kuɗi ce" ta zauna a bakin mutane, alhali cibiyar killace masu cutar tana nan Kakuri, kusa da gidajensu.

Unguwannin ƙetaren kogi ba su rasa waɗanda ake jin maganarsu ba. Akwai fasto da limami, akwai zumuntar mata, akwai mai unguwa, shugabannin kasuwa da na ƙungiyar direbobi. Da an sayi ɗinkin telolin unguwa da kuɗin gwamnati, aka raba ta hannun waɗannan, tare da bayani da Hausar da Bajju, Gbagyi, Atyap da Bahaushe duk suke ciniki da ita, da an sami abin da tara ba ta saya. Da aka sassauta kulle a watan Yuni, shingaye suka ragu, takunkumi ma ya fara ɓacewa daga fuskoki, tun kafin zagaye na biyu na cutar ya iso a Disamba.